In Ka Ga Gemun Ɗan'uwanka Ya Kama Wuta

Ni malamin makaranta ne a Ejura, ina koyar da kimiyya da aikin gona a wata ƙaramar sakandare da ke kusa da zango. Kusan shekara 20 ke nan ina riƙe da alli tun da na fito daga kwalejin horon malamai. Labarin da zan ba ku a wannan wata babu abin alfahari a cikinsa, domin wauta ce na yi, kuma yara ne suka biya kuɗinta. Na daɗe ina so in rubuta shi, kunya tana hana ni. To, yanzu damina ta sake zagayowa, na ga gara in faɗa ko wani zai amfana.

Ina da ƙane wanda yake zaune a kudu maso yammacin Jamus, kusa da kogin Rayin. Aikinsa a can shi ne gyaran lambunan gidaje da na maƙabartu, kuma masu gidansa suna da wurin renon dashe inda suke sayar da furanni da ƙananan itatuwa. Daga cikin abin da suka fi sayarwa a da akwai wani ɗan itace na shinge wanda Jamusawa suke kira bukus. Ganyensa ƙanana ne kamar na lalle, amma sun fi kauri da sheƙi, kuma ba ya kaɗe su ko da ƙanƙara tana zuba. Ana aske shi da almakashi ya zama kamar bango, ko kamar ƙwallo, ko duk siffar da mai lambu yake so. Girmansa a hankali yake, har mutum ya dasa shi yana saurayi, sai ya tsufa shingen zai kai yadda yake buri. Katakonsa kuma yana da tauri ƙwarai, da shi ake sassaƙa sarewa da ma'aunin kafinta tun zamanin da.

A babbar sallar 2016 ƙanen nan nawa ya zo gida. Wata rana da dare muna zaune a ƙofar gida muna shan shayi, sai ya ciro wayarsa ya ce, "Yaya, zo ka ga abin da ya hana mu barci a wurin aiki." Na duba, sai ga hoton wani dogon shinge ya bushe ƙayau, ya koma ruwan ƙasa, babu ganye sai jijiyoyi da wata yana kamar saƙar gizo-gizo. Hoto na biyu wata tsutsa ce koriya, mai baƙin kai da ratsin baƙi a jikinta, tsawonta bai wuce rabin yatsa ba. Na uku uwarta ce, wani malam-buɗe-littafi na dare, fari, da ruwan ƙasa a gefen fukafukansa, kyakkyawa da shi kamar ba zai yi wa kowa komai ba.

Ya ce mini asalin wannan ƙwaro daga gabashin Asiya yake, wato Sin da Japan da Koriya. A wajen shekarar 2007 aka fara ganinsa a Turai, kuma a daidai yankin da yake zaune, kan iyakar Jamus da Suwizalan. Cikin dashen bukus da ake safara daga wata ƙasa zuwa wata ya shigo. Uwar tana saka ƙwai a bayan ganye, inda ido ba ya kaiwa. In sun ƙyanƙyashe sai ƙananan tsutsotsin su shige can cikin duhun shingen su fara ci daga ciki zuwa waje. Mai gida yana wucewa kullum yana ganin shingensa kore shar, alhali ciki ya riga ya ƙare. In ganye ya ƙare sai su koma gaigayar ɓawon itacen, a nan ne yake mutuwa gaba ɗaya. A shekara guda suna iya hayayyafa sau biyu ko uku, kuma ƙananan suna naɗe kansu tsakanin ganye biyu su yi barci har sanyi ya wuce. Ya ce akwai wani dajin bukus kusa da birnin Basel wanda suka cinye ganyensa a wajen 2010, dajin da ya daɗe a wurin tun kafin a haifi kakanninsu.

Ya ba ni labarin wata tsohuwa da suka je tone mata shingen da marigayin mijinta ya dasa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na fashe da dariya. Na ce, "Kai, Turawa dai ba su da matsala. Mu muna neman na tuwo, su suna kuka a kan shinge. Itacen da ba a ci, ba a sha, ba ya ko yin inuwa?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, kai ne malamin gona, ka fi ni sani. Amma abin da na koya a can shi ne, irin wannan baƙon ƙwaro ba ya sallama. Ranar da ka gan shi daga nesa, ya riga ya gama aikinsa. Sai an sunkuya an buɗa ganye." Na ce masa to na ji, na ƙara masa shayi, muka koma hirar ƙwallo.

Makarantarmu tana da gona kamar eka biyu a bayan azuzuwa. Kowa ya san Ejura ƙasar masara ce, har daga Kumasi da Ankara ake zuwa da manyan motoci ana lodi ranar kasuwa. Mu ma masara muke nomawa, kuma ni ke kula da gonar. Kuɗin da muke samu ba na shagali ba ne. Da shi muke saya wa marayu da 'ya'yan marasa hali littattafai da fitilar karatu, mu biya musu kuɗin jarrabawar gwaji in sun kai ajin ƙarshe. Iyaye sun san da haka, shi ya sa ba sa ƙorafi in yaro ya koma gida da ƙasa a rigarsa.

A watan Afrilu na 2017 muka yi shuka, ruwa ya zauna, tsiro ya fito da kyau. Da muka dawo daga hutu a watan Mayu masara ta kai gwiwa. Wata safiya ina gyaran takardu a ofis, sai wata yarinya 'yar aji biyu ta yi sallama. Marainiya ce, tana cikin waɗanda gonar take ɗauke da su. Ta shigo riƙe da ganyen masara guda ɗaya, ta rusuna ta ce, "Malam, ka ga wani abu yana kankare ganyen nan, ya bar shi kamar leda. Kuma akwai wasu ƙananan tsutsotsi a ciki."

Na karɓa na ɗaga sama, na ga 'yan tagogi farare inda aka kankare koren. Ko tashi daga kujera ban yi ba. Na ce mata, "Wannan ai tsutsar kara ce da muka saba da ita, kowace shekara tana zuwa. In an yi ruwa mai ƙarfi za ta tafi. Koma aji." Ta ce, "To, Malam," ta ajiye ganyen a gefen tebur ta fita. Na ji a rediyo a kwanakin ana maganar wata sabuwar tsutsa a wasu gundumomi, amma na ɗauka irin surutun nan ne na kowace damina. Ga shi ina da takardar shaida daga kwaleji, ita kuwa yarinya ce 'yar shekara 14.

Mako biyu ban leƙa gonar da kyau ba, muna fama da shirya 'yan ajin ƙarshe. Ana gab da fara azumi, sai Baba mai gadi ya tare ni a ƙofa da sassafe ya ce, "Malam, ka je ka ga gonarka kafin ka shiga aji." Da na je sai jikina ya yi sanyi. Ganye duk ya yayyage kamar an harbe shi da bindigar toka. Na buɗa zuciyar wata masara, inda sabon ganye yake naɗe kamar mazurari, sai na tarar da ita cike da wani danshin kashi mai kama da dusar katako, a ƙarƙashinsa kuma ga wata ƙatuwar tsutsa kwance. Na buɗa ta biyu, haka. Na bi layi har ƙarshe, da ƙyar na ga wadda ta tsira. A nan tsakiyar gona maganar ƙanena ta dawo mini, sai an sunkuya an buɗa ganye.

Na ɗauki babur na je na samo malamin gona na gunduma. Yana zuwa ya ɗora tsutsar a tafin hannunsa ya nuna mini alama biyu. A goshinta akwai wani zane fari kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu a jere kamar kusurwoyin akwati. Ya ce wannan ita ce sabuwar tsutsar masara da ake magana, kuma daga nahiyar Amurka ta fito.

Daga baya na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. A farkon 2016 aka fara ganinta a Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, kuma masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan suna cikin waɗanda suka tabbatar da ita. A shekarar aka gan ta a Binin da Togo, ta kuma shigo Gana, sannan a 2017 ta bazu a duk ƙasar. Zuwa 2018 ta kai ƙasashen Afirka sama da 40, ta tsallaka Indiya a wannan shekara, ta shiga Sin a 2019, ta isa Ostareliya a 2020. Uwarta ma malam-buɗe-littafi ce ta dare, ruwan toka, wadda in iska ta taimake ta tana iya yin tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya. Mace guda tana iya saka ƙwai sama da 1,000 a rayuwarta, a dunƙule ɗari ko ɗari biyu a kan ganye, ta rufe su da wani gashi-gashi. Cikin kwana biyu ko uku sun ƙyanƙyashe. A ƙasa mai zafi irin tamu tsutsar tana yin kamar mako biyu tana ci, sannan ta shiga ƙasa ta naɗe, ta fito da fukafukai, zagaye ya cika cikin wata guda. Tana ƙarama kankarar ganye kawai take yi a fili, kashe ta ba wuya. In ta girma sai ta nutse cikin zuciyar masara, ta toshe bakin da kashinta, magani ba ya isa gare ta da sauƙi, kuma a kwanakin ƙarshen nan ne take yin mafi yawan ɓarnarta.

Kun ga ke nan, ranar da yarinyar nan ta kawo mini ganye ita ce ranar da ya kamata a tashi. Mako biyun da na yi ina gyaran takardu, daidai shi ne lokacin da tsutsar take bukata ta girma.

Mun yi abin da za mu iya. Gwamnati ta raba maganin feshi a shekarar, muka samu kaɗan, amma masu nema sun fi maganin yawa. Na ari famfo na yi feshi da rana tsaka, ashe kuskure ne, domin da rana tsutsar tana ɓoye, da asuba ko da yamma take fitowa. Baba mai gadi ya ce, "Malam, bari mu gwada abin da iyayenmu suke yi wa tsutsar kara." Ya sa yara suka kawo toka daga murhun gidajensu, muka gauraya da rairayi, muna zuba ɗan kaɗan a zuciyar kowace masara. Muka daka 'ya'yan darbejiya muka jiƙa muka yayyafa. Bayan sallar asuba, da azumi a bakinmu, ni da manyan yara muke bin layi muna cire tsutsa da hannu muna zubawa a gwangwani. Wasu masarar sun farfaɗo sun yi goyo, amma ko a cikin goyon sai ka tarar tsutsar ta riga ka. Da muka yi girbi ko rabin abin da muka saba samu ba mu samu ba.

Da sabuwar shekarar karatu ta kama, kuɗin gona bai isa ya ɗauki yaran da muka yi wa alkawari ba. Na cire wani abu daga albashina, hedimasta ya ƙara, muka je wurin liman ya yi sanarwa a masallaci ranar Juma'a. Da haka aka rufa asiri, amma littattafan ba su zo ba sai da zangon karatu ya yi nisa, yara uku suna karatu da littafi ɗaya. Yarinyar nan tana cikinsu. Ba ta taɓa ce mini, "Ai na faɗa maka, Malam" ba. Tarbiyyar gidansu ba za ta bar ta ba. Ni ne na kira ta gaban aji na ce, "Wannan 'yar'uwar taku ta ga abin da ban gani ba, ta faɗa mini, ban saurare ta ba. Laifina ne." Ajin ya yi tsit, domin ba su saba jin malami yana faɗin haka ba.

Na buga wa ƙanena waya ina jiran ya rama dariyar da na yi masa. Cewa ya yi, "Allah ya mayar da alheri, Yaya." Sannan ya ba ni wani labari da har yau nake ba ɗalibaina. A 2012, lokacin da Rasha take shirin wasannin Olamfik na hunturu da aka yi a birnin Soci a 2014, an sayo dashen bukus daga Italiya don ƙawata gari. Ashe akwai tsutsar a jikinsu. Ta fita daga lambunan birni ta shiga dazuzzukan tsaunukan Kokasas, inda wani irin bukus na daji ya yi ɗaruruwan shekaru yana tsaye, cikin 'yan shekaru ta busar da mafi yawansa. A 2018 aka gan ta a Toronto ta Kanada, a 2021 kuma ta shiga Amurka. Ya ce, "Yaya, ƙwaron nan ba ya iya tsallake teku da fukafukansa. Mutum ne yake ɗaukarsa, ya biya masa kuɗin mota."

Wannan magana ta taɓa ni a wani wurin da ban zata ba. Wata shekara na je biki Sokode a Togo, na ga wani lemo mai daɗi a gidan da aka sauke ni, na roƙi dashe guda uku da ƙasarsu a leda. Da muka zo kan iyaka na tura su ƙarƙashin darduma a cikin jaka, don kada ma'aikatan duba tsirrai su ɓata mini lokaci. Na iso gida ina yi wa kaina kirari. Allah ya rufa asiri ban kawo wata cuta ba, amma ba don na duba ba ne. Mu mutanen zango matafiya ne tun kakanni. Goro, albasa, tumatir, irin shuka, reshen rogo, dashen mangwaro, babu abin da ba ma ɗauka tsakanin Gana da Togo da Burkina da Nijar da Najeriya. Yawancinmu muna ɗaukar mai duba tsirrai a kan iyaka a matsayin mai neman hana mu wucewa kawai. To, wanda ya kai bukus Soci shi ma da kyakkyawar niyya ya kai shi.

Abin da ya sa baƙon ƙwaro yake yin irin wannan ɓarna shi ne, ya baro masu cinsa a gida. A ƙasarsa ta asali akwai tsuntsaye da zanzaro da cututtuka da suka san shi, suna rage shi. In ya zo sabon wuri sai ya tarar da abinci a shimfiɗe, babu mai ce masa kanzil. Dattawanmu za su tuna farin ƙwaron nan da ya addabi rogo a Afirka tun daga shekarun 1970, wanda shi ma daga Kudancin Amurka ya zo. Ba a shawo kansa ba sai da masana suka je can ƙasarsa suka samo wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe shi, suka sake shi a gonaki. Wannan aiki ya sa aka ba Hans Herren kyautar abinci ta duniya a 1995.

Yau tsutsar masara ta zama 'yar gida a Gana, babu mai maganar korar ta, sai dai a koyi zama da ita. A makarantarmu mun canza tsari. Muna shuka da wuri, lokaci guda da maƙwabtanmu, domin gonar da ta makara ita ce take karɓar duk tsutsar unguwa. Daga ranar da tsiro ya fito, sau biyu a mako yara suke shiga gona da sassafe, su tsaya a wuri biyar daban-daban, a kowane wuri su buɗa masara goma su rubuta abin da suka gani. In sun ga dunƙulen ƙwai sai su murƙushe shi da yatsa. Ba ma feshi sai ƙidaya ta nuna akwai bukata, kuma ba yara ne suke yi ba. In za a yi, da yamma ake yi, a saita bakin famfo cikin zuciyar masara, mai feshi ya rufe hanci da hannu. Mun bar kashe tururuwa da zanzaro a gona, tunda mun gane suna taya mu aiki. Akwai kuma wani magani da ake yi da ƙwayar halitta mai suna Bt, wanda tsutsa yake kashewa in ta ci, bai damu da zuma ba. Na yi mamaki da ƙanena ya ce irinsa suke fesa wa bukus.

A can wurinsu ma ƙwaron bai tafi ba, ya mamaye kusan duk Turai. Mutane da yawa sun haƙura sun tone bukus sun dasa wasu itatuwan shinge. Waɗanda suka riƙe nasu kuwa, tun farkon bazara suke rataya tarko mai ƙamshin da yake jawo namijin, in sun ga ya fara kamawa sai su san lokacin buɗa ganye ya yi. Ya ce mini tsuntsayen da suke ƙin tsutsar a da, saboda ɗacin ganyen bukus da take tarawa a jikinta, yanzu wasunsu sun fara cinta. Ita kuma tsohuwar nan, ya ce ta bar reshe ɗaya a tukunya a bakin taga, kullum sai ta duba bayan ganyensa. Da ya faɗa mini haka ban yi dariya ba. Ni ma na san yadda mutum yake ji in ya tsaya a gaban abin da ya shuka ya tarar an cinye.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni an nuna mini wutar a waya, na yi dariya, aka kawo mini hayaƙinta har ofis, na ce a koma aji. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana manoma da su riƙa shiga gona suna buɗa ganye tun masara tana ƙarama, in sun ga abin da ba su sani ba su kai wa malamin gona. 'Yan'uwana fatake da direbobi, in kun ɗauko dashe ko iri daga wata ƙasa, ku nuna shi a kan iyaka, jinkirin awa guda bai kai asarar damina ba. Abokan aikina malamai kuma, in yaro ya shigo muku da ganye a hannu, ku tashi daga kujera ku bi shi ku gani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gonarmu, ya sa mu zama masu jin magana ko daga bakin na ƙasa da mu ta fito. Amin. Sai wani watan, in Allah ya kai mu.